Kasko biyu a ɗaki ɗaya

Ina tsakiyar haɗa turaren wata amarya Kawu ya kira ni daga Makka. Bayan gaisuwa bai ja zance ba. Ya ce, "Ɗiyata, na yanke shawara, bayan Hajjin nan zan koma gida. Ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi. Kayana duk na rabar, saura Dogari. Ke na bar wa."

Dogari akunsa ne, irin mai launin tokan nan da jar wutsiya. Saboda jar wutsiyar, da yadda yake daka wa duk wanda ya taɓa ƙofa tsawa, Kawu ya raɗa masa sunan. Tun wajen 2009 suke tare a ɗakinsa na Shara Mansur, tun bayan rasuwar mai ɗakinsa. Na ce, "Kawu, me zai hana ku tafi da shi Kano?" Ashe ya riga ya bincika. Tun taron da ƙasashe suka yi a Afirka ta Kudu a 2016 aka sa wannan aku a jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato an hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ko naka ne na gida, ba ka ƙetare iyaka da shi sai da izinin ƙasar da zai bari da na wadda zai shiga, kuma sai ka nuna asalinsa. Kawu kuwa a hannun wani ya saye shi, ba takarda, ba zoben shaidar asali a ƙafa.

Haka muka je ni da maigida muka ɗauko shi. Kawu da kansa ya lulluɓe kejin da tsohon mayafinsa, ya rako mu har bakin mota, bai ce komai ba sai "Allah ya ba ku ikon riƙe amana." Tun daga Makka har Jidda tsuntsun nan bai yi ko tari ba.

Mu a Gulel muke, a hawa na biyu. Na ajiye kejin a falo, inda na ga ya fi sanyi, wato daidai ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Abinci kuma na ci gaba da abin da na ga Kawu yana ba shi: fasfas, wato 'ya'yan furen rana, da gyaɗa mai ɓawo, da ɗan burodin tamis da aka tsoma a shayi, wani lokaci da ɓarin goro. Ni kuwa sana'ata turaren wuta da humra. A kicin nake suyar itacen, sandal da hawi da gabgab, da sukari da turarukan mai, gida ya ɗauki ƙamshi har matakala. Kullum bayan magariba sai na zuba garwashi a kasko na zaga ɗakuna. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, kuma ko a mafarki ban kawo cewa akwai mai shan wahala a cikin wannan ƙamshi ba.

Mako uku suka wuce ba ya magana. Aku mai bakin magana, wanda a Makka yake sallama da muryar Kawu har baƙo ya amsa, ya koma sai gurnani idan an matso. Na ce kewa ce, zai ware. Sai ya fara tsige gashin ƙirjinsa. Da safe in tarar da ƙananan gashi a ƙasan keji kamar an fige kaza. Wajen mako na bakwai na lura idan yana numfashi wutsiyarsa na ɗagawa tana sauka, ga baki a ɗan buɗe. Maigida ya je wani shagon kayan tsuntsaye, aka ba shi wani garin magani rawaya, aka ce a zuba a ruwan sha kwana biyar. Mai shagon bai ga tsuntsun ba, bai tambayi abin da yake ci ba. Ruwan ya yi ɗaci, Dogari ya daina sha. Wannan kwana biyar ɗin har yau suna ci mini rai.

Ran na shida da asuba na ji faɗuwar abu. Na tarar da shi a ƙasan keji, ƙafafu sun ƙage, jiki na karkarwa, ido a buɗe. Na naɗe shi a tawul, muka fita neman likitan dabbobi da ya san tsuntsaye, don ba kowane ne ya sani ba. Da yawa aikinsu kyanwa ne.

Allah ya haɗa mu da wani likita ɗan Sudan, daga wajen Mai Wurno, yana jin Hausa irin tasu mai gauraye da Larabci. Ya ɗora Dogari a sikeli, giram 380. Ya kama yatsana ya ɗora a ƙirjin tsuntsun ya ce in shafa. Na ji ƙashi tsaye kamar bakin wuƙa, ba tsoka gefe da gefe. Ya ce gashi ne ke rufe ramar tsuntsu, kuma ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Duk ranar da ka ga alama da idonka, ciwon ya daɗe. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Muna jiran sakamako sai ya ɗan sunsuna iska ya dube ni.

"Hajiya, kina bakhur a gida?"

Na ce, "Dakta, ai sana'ata ke nan."

Ya jawo takarda ya zana mini. Tsuntsu ba huhu kawai yake da shi ba, yana da jakunkunan iska har guda tara a cikin jiki, iska na ratsa huhunsa ta hanya ɗaya ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Wannan ne ke ba shi ƙarfin tashi sama, kuma shi ne ke sa hayaƙin da mutum zai shaƙa ya ji daɗi ya zame masa guba. Ya ce shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari, in ya faɗi su san iska ta ɓaci su gudu, ba su daina ba sai 1986. Sannan ya nuna mini katin da aka buɗe wa Dogari. A wurin nau'in tsuntsu an rubuta "kasko", don haka Larabawan nan ke kiran aku mai toka. Ya ce, "Kin ga, shi kasko, naki ma kasko. Ɗaya ne zai zauna a ɗakin. Ki zaɓa."

Sakamakon jini ya nuna sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya kawo farfaɗiyar. Ya ce wannan ciwo ya fi kama irin wannan aku fiye da sauran, kuma tushensa biyu: fasfas da gyaɗa, waɗanda mai ya yi musu yawa, kalsiyam da bitamin A kuwa ƙalilan ne, da kuma rashin rana. Hasken da ke shigowa ta gilashin taga ba ya wadatarwa, gilashi na tare ɓangaren hasken da jiki ke haɗa bitamin D da shi, in kuwa babu shi ko an ci kalsiyam ba ya zama a jiki. Gyaɗa mai ɓawo kuma, a gari mai laima irin Jidda, tana yin funfuna a ciki, funfunar ta shiga jakunkunan iskar nan ta yi saiwa. Hoton ya nuna kumburi amma abin bai kai can ba. Ya yi masa allura, ya ba mu magani na mako biyu, ya lissafa abin da ba zai ƙara shiga bakinsa ba: shayi, gahawa, goro, cakulan, fiya, albasa, da duk abu mai gishiri.

Ba da maganin nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi wa wata halitta. Sai an kashe fitila an bar ɗan haske, in jefa masa tawul daga baya, in kama kai da yatsa uku, babban yatsa da na tsakiya a gefen muƙamuƙi, manuni a bisa kai. Ba a matse ƙirji ko kaɗan, don da motsin ƙirjin yake numfashi, in ka danne ka shaƙe shi. Sai a sa sirinji ta gefen baki, ɗigo ɗigo, a jira ya haɗiye. Ina jin bugun zuciyarsa ta cikin tawul, da sauri kamar ana kaɗa kalangu. A rana ta uku hannuna ya zame, ya kama babban yatsana, sai da na ji baki ya taɓa ƙashi. Tabon na nan. Ban yi ihu ba, ban yarfe shi ba, don Dakta ya gargaɗe ni cewa aku ba ya manta wanda ya buge shi. Na jira ya saki, na gama ba shi maganin, sannan na je na wanke jinin.

Maganar turare kuwa ba a kwana ɗaya ta warware ba. Sana'ar nan da ita nake taimakon gida, da ita nake aika wa mahaifiyata abin cefane. Na yi kwana biyu ina juya abin a raina, har na ce ko in nemi wanda zai karɓe shi. Amma wa? Kowane gidan Bahaushe ko Balarabe da na sani a garin nan, kasko na ci da yamma. Daga ƙarshe yayata ta ce in riƙa zuwa gidanta sau biyu a mako in yi suyata a can. Turara kaya ya koma saman bene, can nake kafa kabbasa. Matan da suka saba zuwa falo in ɗora musu kala-kala a garwashi su zaɓa, yanzu sai mu hau sama, wasu suka ga wahala suka koma wajen wata. Wata daga dangin maigida ta shigo ta ce, "Yau gidan mai turare ne ba ƙamshi? Saboda tsuntsu?" Na ce, "Yaya, amanar Kawu ce, kuma numfashinsa ne." Ba ta gamsu ba, ni ma ban ƙara ba.

Ba turare kaɗai ya fita ba. Kwanonin suyan nan baƙaƙe da abinci ba ya kamawa, masu rufin Teflon, idan suka yi zafi fiye da kima suna fitar da wani tururi da ba a gani ba a ji, yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Na bayar da su, na koma tukwanen ƙarfe. Maganin sauro na feshi, da turaren ɗaki na gwangwani, duk na daina. Keji ya bar ƙarƙashin mukayyif ya koma kusurwa, bango a bayansa, inda yake ganin kowa amma iska ba ta dukansa. Fanka kuma ba ta juyawa muddin yana waje.

Sauya abinci ya ci wata biyu cur. Dakta ya ce kada in janye fasfas gaba ɗaya rana ɗaya, aku yana iya zama da yunwa har ya mutu a gaban abincin da bai sani ba. Na sayo haɗaɗɗen abincin aku na ƙwayoyi, ina rage fasfas kaɗan kaɗan ina ƙara shi. Sai ya sa baki ya tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya watso su ƙasa. Na jiƙa su da ruwan ɗumi, ya ƙi. Na kwaɓa da mangwaron Jizan, ya lashe mangwaron ya bar sauran. Abin da ya ci nasara autata ce ta gano shi, ba ni ba. Tana zaune kusa da keji tana cin dafaffen dankalin Hausa, sai ya sauko ya miƙo wuya. Tsuntsun garke ne, abin da ya ga 'yan uwansa na ci shi yake yarda da shi. Daga ranar muka mayar da karin kumallo gefen keji. Duk abin da nake so ya koya sai in fara ci a gabansa, in nuna ina jin daɗi, in yi kamar ba zan ba shi ba. Da haka ya karɓi karas, kabewa, kuɓewa ɗanya, ganyen jarjir, ganyen zogale, gwanda, rumman na Ɗa'ifa, da dafaffen ƙwai sau ɗaya a mako. Wanda ya fi so shi ne attaruhu. Yakan riƙe shi da ƙafar hagu kamar mai riƙe da kofi, ya fasa, ya cinye 'ya'yan ciki tas. Tsuntsaye ba sa jin yajin barkono yadda muke ji. Fasfas yanzu lada ne, ƙwaya biyar ko shida a rana, daga hannu.

Kowace safiya kafin ya ci komai ana auna shi a rubuta a littafi. Sannan a duba kashinsa, don a nan ake fara ganin ciwo: lafiyayye yana da kore, da fari, da ɗan ruwa. Farar takarda nake shimfiɗawa a ƙasan keji. Jarida ta fi araha, amma jaridun ƙasar nan ba sa rasa sunan Allah ko aya a ciki, ba zan sa su a nan ba. Kafin in kwashe nakan ɗan yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, saboda akwai zazzaɓin da mutum ke ɗauka daga busasshen kashin aku.

Rana kuma sai da dabara. Da bazara, ƙarfe tara na safe ta riga ta zama wuta. Don haka da hantsi ya ɗan fito nake hawa da shi sama a ƙaramin keji, rabi a inuwa rabi a rana, kamar minti ashirin zuwa talatin, ina zaune a gefe saboda kyanwoyi da hankakin Jidda, waɗanda ba sa tsoron kowa. A can nake fesa masa ruwa. Da farko yana ganin kwalbar feshin sai ihu. Sai na koma fesawa sama, ruwan ya sauko masa kamar yayyafi. Ranar da ya fara buɗe fukafukai ya sunkuyar da kai yana karkaɗa jar wutsiyar nan, na tuna asalin kakanninsa dazukan Kongo da Kamaru da kudancin Nijeriya ne, inda ruwan sama ya yawaita, ga shi mun ajiye shi shekara da shekaru a busasshiyar iskar mukayyif.

Barci ma sai da muka gyara. Mutanen Jidda da dare suke rayuwa, balle da azumi, da ake kai wa sahur ido biyu. Shi kuwa a ƙasarsu dare da rana kusan daidai suke, yana bukatar awa goma zuwa sha biyu cikin duhu da shiru. Na kwashe kayan da ke ƙaramin ɗakinmu na ajiya na sa masa kejin kwana. Bayan isha ana kai shi, ko da baƙi a gidan.

Tsigar gashi ita ta fi daɗewa. Magani bai taɓa ta ba. Abin da ya rage ta aiki ne da zama da mutane. A daji aku yini yake yana neman abinci yana ɓarzar itace. A keji an ajiye masa komai a kwano, bakin ba shi da abin yi sai jikinsa. Na fara ƙulla ƙwayar loz, wato almond, a cikin kaba in rataye, in cusa abinci a kwali in rufe, ya yi awa guda yana yaga. Ina ninke kaya yana bayan kujera, ina tsefe wa yara kai yana kallo. Wasu sun ce in yanke masa fiffike don kada ya gudu. Ban yarda ba. An riga an raba shi da daji, ba zan ƙara raba shi da tashi daga kujera zuwa keji ba. Rufe taga bai fi ƙarfina ba. Gashin ƙirjin ya dawo bayan wajen wata takwas, sai wani ɗan wuri kamar faɗin kwabo da har yau bai tsiro ba.

A tsakiyar wannan duka zuciyata ta yi ta damuna a kan halaccin tsare shi, har na tambayi malaminmu. Ya kawo hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim, na ƙaninsa Abu Umair mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tambayarsa labarin tsuntsun. Sannan ya kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ya ce, "Malama, riƙewa ya halatta, amma da sharaɗi. Wannan kuma ko kin sake shi ba zai rayu a garin nan ba."

Da yara suka ga Dogari ya warware, babban ɗana ya matsa sai an saya masa baji, ƙananan tsuntsayen nan 'yan asalin Ostareliya. Muka je kasuwar tsuntsaye ta Khumra muka zaɓo biyu, namiji mai shuɗin hanci da mace mai ruwan ƙasa. Kwana talatin suka yi a wani ɗaki daban, da kwanoninsu daban, ana wanke hannu tsakaninsu da Dogari, kafin su shigo falo. Har yanzu ba a buɗe su lokaci ɗaya, don cizo ɗaya na aku ya isa ya cire wa baji ƙafa. Su ba su da wuya: gero, ganye, ƙashin habbar, wata halittar teku, don kalsiyam, da ruwa mai tsabta. Macen ta yi ƙwai biyar, ta kwanta kwana sha takwas, uku suka ƙyanƙyashe.

Amma abin da na gani a kasuwar nan ya tsaya mini. Wani ya nuna mini aku a ƙaramin keji ya ce ɗan wata biyar ne. Na dubi idon, rawaya fes kamar kara. Ɗan aku idonsa baƙi ne, sai a hankali yake yin toka, sannan ya koma rawaya idan ya girma. Ba zobe a ƙafarsa, ya maƙure a kusurwa yana irin gurnanin da na sani. A Ghana bincike ya nuna tun daga 1992 ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu, saboda kamu da sare dazuka. Duk 'yar uwar da ta tambaye ni yanzu ina za ta samu aku, sai in ce ta fara tambayar kanta ko za ta iya rabuwa da kaskonta, kuma ko tana da wanda zai gaje shi, don yana kai shekara arba'in zuwa sittin. In ta dage, to ta nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannu, mai rufaffen zobe da takarda, ta kuma duba ƙa'idojin Cibiyar Raya Namun Daji ta Ƙasa a dandalinsu na Fitri. Shi Dogari, Dakta ya sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a tsokar ƙirji, mai ɗauke da lambarsa.

Magana ta dawo masa a wata na biyar. Ina shara sai na ji tarin Kawu a bayana, irin mai kaurin nan na bayan asuba, har na juya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Wane ne?" da muryar Kawu sak. Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu na yi kuka.

Duk Juma'a muna kiran Kano ta WhatsApp. Da ya ji muryar sai ya sauko ya manna kai a jikin waya, ƙwayar idonsa na tsukewa tana buɗewa. Wani kiran Kawu ya tambaya, "Ana ba shi goronsa kuwa?" Na gaya masa abin da likita ya ce, da goron, da shayin, da gyaɗar. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sai ya ce, "Ashe shekara goma sha uku ina cutar da shi." Na ce, "Kawu, ba ku sani ba ne, ni ma da turarena na kusa kashe shi. Ku ne kuka zauna da shi dare da rana, shi ya sa har yau muryarku yake yi, ba tawa ba." Ya ce in matso da wayar, ya yi masa fiton da suka saba, Dogari ya ƙarasa masa.

Littafin awo yanzu a hannun autata yake, shekararta goma sha ɗaya, kuma ita kaɗai yake yarda ta sosa masa ƙeya. Yau da safe kafin ta tafi makaranta ta ɗora shi a sikeli ta rubuta 446, ta miƙa masa attaruhu ɗaya, ya karɓa da ƙafar hagu.